Gulbin Majiya da Kifin Ƙasar Adar

 

Yau za mu nufi jahar Tawa, mu shiga ƙasar Adar. Zancenmu na gulbin Majiya ne, da kwarurukan da ke maƙwabtaka da shi, da kifin da ke cikinsu. In kai mutumin Buza ne, ko Madawa, ko Keita, to zancen gidanku ne. Ka karanta sannu sannu. Inda ka ga lamba mai yawa kada ka tsorata, ka tsaya ka tambayi malaminku.

In baƙo ya zo cikin watan Maris, aka nuna masa Majiya aka ce ga gulbi, dariya zai yi. Rairayi zai gani, da sawun jakuna, da awaki suna neman inuwa. Amma ya dawo cikin Agusta, bayan an kwana ana ruwa a kan duwatsu. Ran nan ko raƙumi ba ya ƙetarewa. Ruwa ja wur, yana tafe da itace da karan dawa, yana ruri kamar hadari. Bayan kwana biyu ko uku sai ya ja baya. Haka Majiya take. Gudunta na damina ne kawai, wata uku ko huɗu, shi ma ba kullum ba.

To, a gulbi irin wannan, ina kifi yake zama? Wannan tambaya ce za mu bi yau. Amma kafin mu kai ga kifi, sai mun san ƙasar.

Tudu da kwari

Ƙasar Adar tudu ce mai faɗi. A samansa akwai jan dutse, marmara, wanda ya rufe shi kamar faifai a bakin tukunya. Shi ya sa ake cewa Adar Dutsi. Ruwan shekaru masu yawa ya yanka wannan tudu, ya yi kwaruruka masu zurfi. Akwai kwarin Keita a arewa. Akwai kwarin Badagishiri. Waɗannan biyu yamma suke gangarawa. Sai kwarin Majiya, wanda ya taso daga duwatsun ƙasar Buza, ya nufi kudu maso yamma. Ya bi ta wajen Garadume da Tama, ya ratsa ƙasar Dogarawa da Tsarnawa, ya wuce ta gefen Birnin Ƙonni, ya shiga Najeriya. Can, ba nisa da iyaka, ya zube cikin tabkin Kalmalo. Nan tafiyarsa take ƙarewa.

A gabas kuma akwai kwarin Tarka, inda garin Madawa yake. Shi daga nesa ya fito, daga wajen Damargu, ya ratso arewacin jahar Maraɗi, sannan ya karkata kudu ya nufi gulbin Rima a ƙasar Sakkwato. Tarka ba ta cika gudu a sarari ba. Ruwanta a ƙarƙashin ƙasa yake, kusa kusa. A wurare da yawa, in ka haƙa gaba biyu ko uku ka tarar da shi. Albasar Madawa da wannan ruwa take rayuwa.

Ruwan sama a wannan yanki bai da yawa. Galibi tsakanin milimita 300 ne da 500 a shekara, arewa ta fi ƙaranci, kudu ta fi samu. Amma ka lura da abu ɗaya. Marmara ba ta shan ruwa. Abin da ya zuba a kan fako ba ya tsayawa, sai ya bi ƙoramu ya gangara kwari. Saboda haka gonar fadama ruwa biyu take sha: nata na sama, da na tudun da ke kewaye da ita. Wannan shi ne asirin arzikin Majiya. Tsofaffi za su gaya maka, da can in ruwa ya sauko ba rami ɗaya yake bi ba. Shimfiɗuwa yake yi a kan fadama duka, ya kwana, ya bar laka mai taushi. A kan wannan laka ake samun dawa, da kaɗa, da taba, da dankali.

Lokacin da Adar take ƙarƙashin teku

Ga wani abin mamaki. Ka taɓa ganin yara sun tsinto dutse mai kamar katantanwa a gefen tsauni? Ba sassaƙa ba ce. Dabbar ruwa ce ta gaske, ta mutu ta zama dutse. Masana ilimin ƙasa sun ce, shekaru wajen miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, teku ya malalo ya rufe wannan ƙasa, tun daga wajen Sakkwato har arewacin Tawa. Farin dutsen da ake haƙa a Malbaza ana yin siminti da shi tun shekarun 1960, ɓawon dabbobin wannan teku ne da ya taru ya daskare. Kenan duk wanda ya gina ɗaki da simintin Malbaza, da ragowar teku ya gina.

A wani wuri da ake kira Ibesetan, arewa maso gabas da Tawa, masana sun tono ƙasusuwan da suka fi waɗannan daɗewa, fiye da shekara miliyan 80. Akwai na kada, da na kunkuru, da na kifi iri iri. A cikinsu har da haƙoran kifi dangin gaiwa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mutanen kwari, da yadda iyaka ta raba gulbi

Mutanen farko da tarihi ya sani a Adar su ne Azna. Manoma ne da mafarauta, masu magana da Hausa. Da yawansu a kan duwatsu suka kafa garuruwa don tsaro, su sauko kwari su yi noma. A shekara ta 1674, Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya ci ƙasar da yaƙi. Zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela. Tare da shi Abzinawan Lisawan suka zo, waɗanda daga baya suka riƙe sarautar Keita. A ƙarni na 18 kuma Abzinawan Kel Geres suka sauko daga Abzin suka zauna wajen Madawa. Wani ɗan ƙasarmu, malamin tarihi Jibo Hamani, ya rubuta littafi guda a kan wannan zamani, aka buga shi a 1975.

Duk waɗannan mutane, noma da kiwo da fatauci suka sani. Su ba sana'ar Adar ba ce. Masunta na gado, Sarkawa, suna can kudu, a Kabi da gulbin Rima, inda ruwa ba ya yankewa. Abzinawa ma a al'adarsu ta da ba sa cin kifi.

Sai Turawa suka zo. A 1898 Faransa da Ingila suka zauna a birnin Paris suka raba ƙasar da ba su taka ba. Suka auna mil 100, wato kilomita 160, kewaye da Sakkwato, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Bisa wannan awo, Ƙonni da Madawa a hannun Ingila suka faɗa. A 1899 rundunar Faransa ta Vule da Shanuwan ta bi ta Birnin Ƙonni, ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Bayan haka Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi. Suka koma suka nemi gyara. A 1904 da 1906 aka sake yarjejeniya, aka turo iyaka kudu, daga nan har 1908 aka bi ana kafa alamu.

Ka ga abin da ya faru ga Majiya? Kanta da gangar jikinta suka zauna a Nijar, wutsiyarta, wato Kalmalo, ta zauna a Najeriya. A lokacin ba wanda ya damu. Damuwar sai bayan shekara saba'in.

Gaiwa da tarwaɗa, ƴan gida

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Kifin da zai zauna a wurin da ruwa ke ƙafewa wata takwas, dole ya kasance mai dabara. Iri biyu ne suka fi iya wannan zama, kuma su ne ƴan asalin tabkunan Adar.

Ta farko ita ce gaiwa. Ka san ta: doguwa, mai santsi, da wasu siraran hannuwa huɗu kamar igiya. Takan kai mita ɗaya. Abin da ya raba ta da sauran kifi shi ne tana da huhu, kamar ni da kai. Lokaci lokaci sai ta taso ta shaƙi iska. In ka tsare ta a ƙarƙashin ruwa ka hana ta tasowa, mutuwa za ta yi. Kifi ne, amma ruwa yana iya cin sa.

In kaka ta yi, tabki ya fara janyewa, gaiwa ba ta gudu. Sai ta haƙa rami cikin laka tun tana da taushi, ta shige kamar kamu ɗaya, ta naɗe jikinta, kai yana duban sama. Sai ta fitar da yauƙi daga fatarta. Yauƙin ya bushe ya zama kamar jaka, ya rufe ta duka, sai ƴar ƙofa wajen baki inda iska ke shiga. Laka ta bushe ta tsage, shanu suna takawa a sama, ita tana ciki. Ba ci, ba sha. Bugun zuciyarta ya ragu, numfashinta ya ragu. Mutanenmu sukan ce da rani gaiwa jikinta take ci. Masana sun bincika, sun tarar maganar tana kan hanya. Ba cizon kanta take yi ba, amma naman jikinta ne ke narkewa kaɗan kaɗan yana riƙe ta, shi ya sa take fitowa a rame. A daji wata bakwai ko takwas take yi haka. A ɗakin bincike an ga wadda ta wuce shekara uku a cikin busasshiyar laka, aka zuba ruwa ta farka.

Ran da ruwan farko ya cika tabki, jakar ta jiƙe, sai ta fito da yunwa. Kwaɗi, katantanwa, ƙwari, ƙananan kifi, duk abincinta ne. Da damina ta yi nisa sai a yi gida cikin ciyawar bakin ruwa, macen ta zuba ƙwai, namijin ya tsaya gadi har ƴaƴa su yi wayo. Kada ka sa hannu a ramin nan, cizonta ba wasa ba ne.

Ka tuna haƙoran da aka tono a Ibesetan? To, dangin gaiwa suna wannan ƙasa tun kafin a yi tudun Adar kansa. A ganina, in ana lissafin ƴan ƙasa na asali, ita ya kamata a fara kira.

Na biyu shi ne tarwaɗa, mai gashin baki, marar ɓawo. Ita ba ta da huhu irin na gaiwa, amma a cikin kanta akwai wani nama mai rassa da ke ba ta ikon shan iska. Saboda haka tana jure ruwan da ya yi kauri ya zama taɓo, wanda wani kifi ba zai kwana a ciki ba. In dare ya yi da danshi, tana iya jan ciki a kan ciyawa daga wannan kududdufi zuwa wancan. Sai dai in laka ta bushe ƙurmus, ta mutu. Dole ta sami wani gurbi mai zurfi da zai kai ta damina.

Haihuwar tarwaɗa da ruwan farko take tafiya. Da ƙorama ta kawo, ta malale ciyawa, sai su fito daga inda suka yi rani, su yi ta hawa gaba da ruwa. Cikin dare suke zuba ƙwai a kan ciyawar da ruwa ya rufe. Kwana ɗaya ko biyu ƙwai ya ƙyanƙyashe. Uwa ba ta gadi, yawa ne dabararta, don babbar tarwaɗa ɗaya tana zuba ƙwai dubbai. Wannan ne ya sa wani lokaci manomi yakan tarar da kifi a gonarsa ta fadama, har a ce daga sama ya faɗo. Ba daga sama ba ne. Ruwa ya biyo.

Da can, kamun waɗannan kifaye aikin ƙarshen kaka ne. In tabki ya rage iya gwiwa, sai gari ya fito, da koma, da kwando, da hannu. Gaiwa kuwa da rani ake haƙo ta da hauya.

Zuwan baraji da baƙin kifi

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta dubi ruwan nan da ke wucewa cikin kwana uku, ta ce a tare shi. Aka fara gina madatsun ruwa, waɗanda muke kira baraji. A ƙarshen shekarun 1960 aka yi na Ibohaman a ƙasar Keita, da gandun noman rani a ƙarƙashinsa. Daga baya aka yi manya guda biyu a kan Majiya kanta, na Zango da na Mozage. Su ne ke shayar da gandun Ƙonni, wanda aka shirya kashi biyu, a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980. Faɗinsa ya fi eka 2400. Eka ɗaya fili ne mai mita 100 a tsawo, mita 100 a faɗi. Barajin Mozage an gina shi don ya riƙe ruwa wajen mita kubik miliyan 30. In kana son ka gane, mita kubik ɗaya lita 1000 ce, wato tano biyar na ruwa. Akwai kuma barajin da ke shayar da gandun Galmi, garin da sunan albasarsa ya kai har bakin teku. A 1978 aka kafa ma'aikatar ONAHA don ta kula da irin waɗannan gandaye.

Don noma aka yi baraji, ba don kifi ba. Amma inda ruwa ya daɗe, kifi ya sami gida. Ban da baraji, akwai manyan tabkuna da suka cika da kansu suka daina ƙafewa, kamar na Tabalak a arewacin Keita, kan hanyar Agadas, da na Ɗan Dutsi a yamma, wanda ya cika a tsakiyar shekarun 1970.

Tun wajen 1965 ma'aikatan daji da ruwa suka fara ɗauko kifi da rai daga wasu ruwaye suna zubawa a tabkunan jahar Tawa. Ta haka karfasa ta yawaita, da ragon ruwa, da ƙurungu, da giwan ruwa. Kowannensu da halinsa, kuma sanin halin yana da amfani.

Ɗauki karfasa. Namiji ne ke share gurbi a ƙasan ruwa, kamar ƴar tasa. Mace ta zuba ƙwai a ciki, sannan ta kwashe su a bakinta. A nan suke ƙyanƙyashewa. Ko bayan sun fito, in sun ga abin tsoro bakin uwa suke komawa. Duk kwanakin nan ba ta cin abinci. Saboda wannan kulawa ƴaƴanta ba sa mutuwa da yawa, kuma tana haihuwa sau da dama a shekara. Sai dai abin yana da illa. In tabki ƙarami ne, sai su cika shi, abinci ya kasa, duk su tsumbure, ba mai wuce tafin hannun yaro. Maganin wannan shi ne kifi mai cin kifi. Shi ya sa ake haɗa ta da giwan ruwa, ya rage yawansu, sauran su girma. Shi kuwa giwan ruwa ɗan sarauta ne. A manyan koguna yakan fi mutum nauyi, amma ba ya jure ruwa mai zafi marar zurfi. In tabki ya ja baya, shi ne farkon mutuwa.

Da kifi ya samu, masunta suka zo. Da yawa daga Najeriya suka fito, da jiragensu, da taru, da birgi, da mamari. Ƴaƴan manoman Adar suka zauna kusa da su suka koya. Mata suka shiga suya da banda. Matafiyin da ya bi hanyar Agadas ya san soyayyen kifin Tabalak. A 2005 aka sa Tabalak da Ɗan Dutsi cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya, saboda kifinsu da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai suna yin hunturu a nan.

Fari, iska da laka

Amma tun ana gina baraji, wata cuta tana cin kwarin daga sama. Jama'a ta ƙaru, aka sare itacen tudu, aka nome gangaren dutse. Sai ga farin 1973 da 1974, sai kuma na 1984. Ciyawa ta tafi, fako ya zama tsirara. Ruwan da a da yake saukowa a hankali, yanzu da gudu yake zuwa. Ya haƙa rami mai zurfi a tsakiyar kwari, ya bi ta ciki ya wuce, bai ƙara shimfiɗuwa a fadama ba. Gona tana kallon ruwa yana wucewa, ita tana jin ƙishirwa. Tarwaɗa ma ta rasa ciyawar da za ta zuba ƙwai. Da rani kuma iska ta kwashe ƙasar sama.

A tsakiyar shekarun 1970 wani ma'aikacin daji na Buza, Dauda Adamu, ya nemi taimakon ƙungiyar CARE ta Amurka. Aka fara dasa dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, a kwarin Majiya, daga wajen Garadume. Layi bibbiyu ake dasawa, a gicciye da hanyar iska, tsakanin wannan jeri da wancan mita 100. Aka sa masu gadi don dabbobi. Kafin ƙarshen shekarun 1980 tsawon layukan ya wuce kilomita 400. Da aka auna, hatsin da ke bayan itatuwan ya fi na fili da wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Mutane daga ƙasashe da yawa suka riƙa zuwa kallo.

A 1984, shekarar da shugaba Seyni Kunce ya tara taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, aka buɗe babban aikin Keita, da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A shekarar maza da yawa sun tafi bida, Najeriya da Abijan. Mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin. Su suka ɗebo duwatsu a ka, suka jera su a kan fako, suka haƙa ramukan tare ruwa a gangaren tsauni, ana biyan su da abinci. Cikin shekara ashirin an farfaɗo da fili fiye da eka dubu 30, an dasa itace wajen miliyan 18, an gina baraji da shingayen dutse masu yawa a ƙoramu. Daga baya aikin ya taɓa ƙasar Buza da ta Abalak. In ke da ke karanta wannan kina cikin matan nan, ko mahaifiyarki, to tarihin nan naku ne. A wasu tabkunan da aikin ya samar an zuba kifi, yaran da ba su taɓa ganin karfasa ba suka ci ta a gidan ubansu.

Me ya haɗa dutsen fako da kifi? Laka. Duk ƙasar da ruwa ya kankare daga tudu, a cikin baraji take kwanciya. Kowace shekara gindin baraji yana tasowa. Ibohaman da Mozage da Zango duk sun yi asarar zurfi mai yawa ta haka, har noman rani a gandun Ƙonni ya ragu ƙwarai. Ga kuma rana da iska, waɗanda ke shanye kusan mita biyu na zurfin ruwa a shekara. Yi lissafi da kanka. Tabkin da zurfinsa mita huɗu ne zai kai damina, kifinsa ya rayu. In laka ta cinye rabi, to cikin Afrilu ko Mayu sai taɓo. Giwan ruwa ya tafi, karfasa ta bi shi, a koma ga gaiwa da tarwaɗa kamar da.

Kukan mutanen Kalmalo

Mu leƙa wutsiyar gulbi. Kalmalo tana kusa da Illela ta Najeriya, kada ka haɗa ta da Illela tamu ta Sarkin Adar. A da tabki ne babba, mai kifi da noman rani. Da fari ya zo, ga kuma baraji a sama, ruwan da ke isa can ya ragu, har tabkin ya riƙa ƙafewa. Mutanen can suka ce mun tare musu ruwa. Mu kuma muka ce a ƙasarmu ya zuba. Kowa da gaskiyarsa, kuma dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya.

Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mazauninta a Yamai. Ta hanyarta aka zauna, a watan Yuli na 1990 aka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da ya haɗa mu. Ruwaye huɗu aka ambata: Majiya da Lamido, gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da Komadugu Yobe. Aka ce kowace ƙasa tana da rabo bisa adalci, kuma kafin ɗaya ta yi babban aiki a kan ruwan, ta sanar da ƴar'uwarta. A gulbin Maraɗi mu ne a ƙasa, barajin Jibiya yana samanmu. Abin da mutumin Kalmalo yake ji game da Mozage, shi mutumin Maraɗi yake ji game da Jibiya.

Abin da ke hannunka

Dokar su ta ƙasarmu ta hana kamun kifi da guba ko da abin fashewa, kuma mai sana'ar su sai ya yanki takardar izini. Guba ba ta zaɓe, tana kashe uwa da ƴaƴa, ga shi ruwan nan shi dabbobinku ke sha. Akwai kuma wani sabon abu da ya shigo, kamun kifi da gidan sauro. Likita ya ba ka shi don zazzaɓin cizon sauro, ba don tabki ba. Idonsa ƙanana ne, har ƙwai yake kwashewa. Garuruwan da suka ci ribar tabkinsu su ne waɗanda suka yarda a rufe su na wasu watanni bayan an zuba kifi, aka sa ranar buɗewa, kowa ya jira.

Ka kula da lafiya kuma. Ruwan da ke kwance yana da ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya. In yaro yana fitsarin jini, ba alamar girma ba ce, cuta ce, kuma tana da magani a gidan likita. Kurkunu dai an rabu da shi, tun 2013 hukumar lafiya ta duniya ta shaida babu shi a Nijar.

Ga aikin da za ku yi a ajinku kafin mako mai zuwa. Ku sami dattijo ko dattijuwa a garinku. Ku tambaye su sunan ƙoramar da ta fi kusa da ku, da inda ruwanta yake kaiwa a zamanin ƙuruciyarsu, da inda yake kaiwa yanzu. Ku tambayi sunayen kifin da suka sani, da wanda ya zo daga baya. Kowa ya rubuta da hannunsa, ko layi biyar ne, ku ba malaminku ya aiko mana.